Gorunan Surukina da Jakar Jirgin Sama

Ranar da Baba ya rasu tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Tun kafin a dawo daga maƙabarta mutanen tsallaken kwari suka fara zuwa, wasu daga Galma, wasu tun daga Tama. Har da wani tsohon Buzu da ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, ya zauna gefe guda. Da aka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Ya taɓa fisshe ni, ni da gishirina." Ya ja rawani ya rufe fuska.

Liman ya ce mutumin kirki ne, sahun asuba ba ya wuce shi. Sai ya ɗan yi tari ya ƙara da cewa, "Ko da yake dai bai bar gaida ruwa ba." Gaskiyar Liman ce. Uban Baba arne ne, duk farkon damina yakan yanka wa kwari jan zakara. Baba ya musulunta ya bar yankan, amma bai taɓa tsoma ƙafa a ruwa ba tare da ya ce, "Salamu alaikum, wucewa za mu yi" ba. Gwaggo kuwa, ƙanwarsa, tana tsakar gida tana kuka tana yi masa faɗa kamar yana jin ta: "Kai dai ba ka jin magana, tun muna ƙanana haka kake!"

Maza a waje labari ɗaya suke ta maimaitawa, na ranar da jirgin Nasara ya faɗa tabki. Kowa ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri. Kafin sadakar uku har na ji wani yana rantsuwa wai Baba a ka ya ɗauko jirgin ya fito da shi. Ina bayan zana ina tuƙa tuwo, na ce a raina, oho dai, ku yi ta yi.

Ni surukarsa ce, matar babban ɗansa. Shekara goma sha huɗu na yi a gidansa ban taɓa kama sunansa ba, kuma a takardar nan ma ba zan kama ba. Da girmana na koyi rubutu a ajin manya, hannuna bai faɗa ba, amma gara in rubuta a karkace da a bar wa masu ƙarin gishiri. Su jirgi suka gani. Ni abin da ke gabana a daminar nan shi ne cikin da nake ɗauke da shi, na huɗu, bayan na binne uku tun ba a raɗa musu suna ba.

Baba mai fito ne. Garinmu yana gefen Majiya, kwarin da da rani jaki ke tsallake shi ko kofatonsa bai jiƙe ba, da damina kuwa ya cika ya batse, ya raba mu da hanyar mota da kasuwa da asibiti. In ruwa ya zo, ba mai ƙetarewa sai ta hannun Baba. Manyan goruna gare shi guda huɗu, na duma, masu baki a toshe da kakin zuma. Mutum ya kifa cikinsa a kan gora ya rungume ta, Baba ya shiga iyo yana tura shi har gaci. Maganarsa ɗaya ce ga kowa, ko talaka ko dogarin kumandan mai mulki: "Kada ka taimake ni. Kai dai ka kwanta." Ya ce duk wanda ya taɓa ba shi wahala a ruwa, mai son taimako ne.

Babbar cikin gorunan, wadda hannu biyu ba sa zagaye ta, Tsohuwa yake ce mata. Ita ce ta marasa lafiya. Wanda ba ya iya kifa ciki, sai a ɗaura gadon kara tsakanin Tsohuwa da wata gorar, a kwantar da shi rigingine. Kullum da safe, ko da rani ne tsakiya, sai Baba ya sauko da su daga rataya ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya kanga kunne, ya shinshina bakin. Maigidana yakan ce, "Haba Baba, ana wannan rana wa zai shiga ruwa?" Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta garinmu, mai kauri. Ba na kallon fuskarsa, ba na zama inda yake, in na kai tuwo in ajiye a bakin ƙofa in juya. In yana da magana da ni, gora yake gaya wa. Sai in ji shi yana cewa, "Ke Tsohuwa, miyar jiya ta yi daɗi, sai dai tonka ta so ta yi yawa." Ni kuma in juya wajen kazata in ce, "Ke, kin ji, gobe a rage." Haka muka yi ta zama, kuma wallahi ban taɓa jin mun rasa fahimtar juna ba.

Da cikin nan ya kai wata shida, tun ruwa bai sauka ba, na bi wata maƙwabciya zuwa asibitin mishan. Lokotoro, wato likita, ya duba ni ya ce ɗan a gicciye yake kwance, kuma ƙuguna matsattse ne, shi ya cinye na baya. Ya ce kada in yarda naƙuda ta same ni a gida. Na dawo na gaya wa Gwaggo, don uwar mijina ta daɗe da rasuwa, ita ce babba a cikin gida. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Mi? A kai matar mutum Nasara su tsaga ta, mijinta shina Abijan bai sani ba? Ba da ni ba. Ki bari shi taho." An aika masa da wasiƙa. Wasiƙa ta tafi, damina ta zo, Majiya ta cika, shi shiru.

Baba ne kaɗai zai iya yanke maganar, kuma shi ne mutumin da duk duniya ba zan iya yi wa zancen ciki ba. Kwana da kwanaki ina juya abin. Wata safiya yana ƙwanƙwasa gorunansa na tsaya bayan rumbu, na watsa wa kaza tsaba, na ce da ita, "Lokotoro ya ce in kwana ya ƙarato a tsallaka, in ba haka ba za a sake gina rami." Ƙwanƙwasawa ta tsaya. Can sai na ji ya ce, "Tsohuwa, kin ji. Ki shirya." Ranar na ci abinci har na ƙara.

Bayan kwana tara jirgin ya faɗo.

Irin mai saukar ungulu ne, ɗan ƙarami, gabansa duk gilashi. Ya yi kwanaki yana shawagi a kan kwari, an ce masu auna ruwa ne. Ranar muna gona wajen azahar muka ji kukansa ya sauya, yana tari kamar tsohon jaki. Ya yi ƙasa ƙasa ya nufi babban tabkin da ke bayan gari. Saura kaɗan ya taɓa ruwa sai muka ji fam! Wasu jakunkuna biyu dogaye, masu ruwan ɗorawa, suka kumbura a jikin ƙafafunsa. Ya zauna a kan ruwa daram kamar agwagwa. Mata suka yi ta salati, wasu suka zubar da kalmen noma suka ranta a na kare. Ni da tulun cikina ina zan gudu? Na tsaya na kalla.

Ashe akwai bagaruwa a nutse a wurin. Ƙaya ta kama jakar hagu ta farke ta, jirgi ya fara karkata. Mutum uku ne a ciki, Nasara biyu da tafintansu, wani Bazabarme, wanda ya leƙo yana ihu da Hausa cewa bai iya ruwa ba. Sai ga Baba ya fito daga gari da gorunansa huɗu a igiya. Ya gaida ruwa kamar kullum, ko sauri bai ƙara ba, ya shiga. Muna jin muryarsa daga nesa yana ce wa tafinta, "Gaya musu kada su taimake ni! Su koma wancan gefe su zauna!"

Ya nutsa ya ɗaure gorunan a ƙarƙashin ƙafar da ke nutsewa, jirgi ya ɗan miƙe. Ya kwance ƙaramar ya fito da mutanen ɗaya ɗaya, tafinta ne na farko. Sannan mazan gari suka shiga da igiyoyi suka ja jirgin zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wajen jan nan ne Tsohuwa ta shiga tsakanin ƙarfe da kututturen bagaruwa. Na ji ƙarar fashewarta daga inda nake tsaye. Kowa yana guɗa yana murna, ni kuwa na zauna a kan kunyar gona.

Da yamma matuƙin jirgin ya zo har ƙofar gida yin godiya. Baba bai damu da godiyar ba, jaka yake tambaya. Tafinta ya bayyana masa cewa a naɗe take zama a jikin ƙafar jirgi, akwai wata kwalbar ƙarfe cike da iska, in matuƙi ya ga ruwa ne makomarsa sai ya ja wani abu, iska ta cika ta kafin ƙiftawar ido. Baba ya ce, "To wa ke ƙwanƙwasa ta da sahe?" Aka ce ai ana buɗe ta a duba lokaci lokaci. Ya girgiza kai, abin bai gamshe shi ba. Amma ya ce, "Duk da haka wanda ya yi wannan dabara shina da hankali. Ya hau sama bai mance da ruwa ba." Suka tambaye shi me yake so. Ya ce su bar masa wadda ta yage.

Nan gari ya sami abin dariya. Baba ya zauna a gindin gawo da jakar Nasara, tsawonta ya fi na mutum, ya ɗauko basilla da zare ya ɗinke yagar tsaf, yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Ya shafe ɗinkin da kaki da ƙaro. Ya aro zugazugin maƙeri aka yi ta hura mata iska. Ta kumbura kuwa, mutane suka fara cewa ikon Allah. Sai kowace kafar basilla ta soma fito, fiii, kamar an tara 'yan tsaki. Kafin a ce haka ta kwanta shakwaf. Maƙeri ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya sake ɗinki, ya ninka kaki, aka sake hurawa, ta sake kwantawa. Kwana uku yana wannan.

Gwaggo ta same shi a tsakar gida, ba ta ko rage murya ba. "Ka kashe gorar da ubanmu ya bar maka saboda baƙin da ba su san sunanka ba, yanzu ka zauna kana wasa da tsumman Nasara, gari na yi muna dariya!"

Baba ya ce, "Mutum ukku na ciki. In bar su?"

"To ka fisshe su. Yanzu mi ya rage maka?"

"Akwai wadda na yi wa alkawari."

Gwaggo ta gane. Ta ce, "Wallahi in ka kai ɗiyar mutane aka yanka ta, kai za ka tari ɗanka da bayani, ba ni ba!"

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya a cikin gida ba sai ranar. Ya ce, "Rami ukku ni na gina su da hannuna, ke kina ɗaki. Ba ni gina na huɗu." Gwaggo ta shige ɗaki ta ja asabari. Kwana biyu ba su gaisa ba.

Washegari ya farke ɗinkinsa duka. Ya bi gida gida yana roƙon ƙananan goruna, na fura, na alwala, na zuwa gona, har wanda ake zuba tsaba. Kowane ya ƙwanƙwasa, mai tsaga ya mayar wa mai shi. Ya toshe bakunansu da kaki, ya ɗura su cikin jakar ɗaya bayan ɗaya har ta cika ta yi tauri, ya ɗaure bakin yagar da igiyar kaba. Jakar da ta ƙi riƙe iska sai ga ta ta riƙe goruna. Ya haɗa ta da manyan gorunansa biyu, ya ɗora gadon kara a tsakani. Ya kai tabki ya aza turmi biyu da dutsen niƙa, ya tura ya dawo, ya tura ya dawo. Da ya shigo gida yana ɗigar ruwa na ji ya ce wa jakar, "Ke baƙuwa, jibi in Allah ya kai mu za ki yi aiki."

Ba mu kai jibin ba. Washegari da hantsi ina daka naƙuda ta kama ni, saura kusan wata guda a lissafina. Ungozoma ta zo ta taɓa, ta sake taɓawa, ta fita ta kira Gwaggo gefe. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga Gwaggo, wadda ta rantse, ta tafi ƙofar ɗakin yayanta ta durƙusa ta ce, "Yaya, sai ruwa."

An yi ruwan sama a tudu kwana biyu, Majiya ta zo da fushi, jawur, tana jan itace da karan gonakin mutane. Maza a bakin gaɓa suka ce a jira ta faɗa zuwa gobe. Baba ya dubi ruwan ya daɗe. Ya ce a kwantar da ni. Mata suka ɗora ni a gadon, suka ɗaure ni da zane a ƙirji. Ƙanen mijina ya ɗauki Gwaggo a ɗayar gorar, can sama da mu. Na ji Baba ya yi sallamarsa, sai sanyi ya ratsa bayana.

Kansa yana daidai kafaɗata. Shekara takwas ina kauce wa fuskar nan, yau ga ta kusa da tawa har ina jin numfashinsa. Na rufe ido, don kunya da ciwo ban san wanda ya fi ba. Gorunan cikin jaka suna ta ƙwaram ƙwaram a ƙarƙashina. Mun kai tsakiya na ji mutanen gaɓa sun kwashe da ihu. Na buɗe ido na ga kututture yana tahowa, baƙi, da saiwoyinsa. Baba ya juya gadon da ƙarfi ya sa jikinsa a tsakani. Na ji ƙum. Ya nutse.

Gado ya fara juyawa da ni, ruwa yana ja. Na yunƙura zan tashi. Sai hannu ya fito ya kama karan gadon, kai ya biyo baya, yana tari yana fitar da ruwa ta hanci. Da ƙyar maganar ta fito, kuma ko a nan ba ni ya yi wa ita ba. Ya ce, "Ke baƙuwa, gaya wa wadda ke kanki ta kwanta. Ta riƙe wuyan rigata kada ta saki."

Ba kaza a tsakiyar Majiya. Na kama rigar na ce, "Na riƙe, Baba." Ita ce magana ɗaya tak da na taɓa yi masa baki da baki.

Can ƙasa da mashigi ruwa ya yar da mu. Mutanen tsallake suka ɗauki gadon a ka har bakin hanya, suka tare wani kamyo, babbar mota mai ɗauke da albasa. Abin da na iya tunawa ke nan, sai warin albasa da fitila mai haske a kan fuskata. Na farka bayan kwana biyu, cikina a ɗinke, Gwaggo tana zaune tana riƙe da jaririya tana yi mata waƙa, kai ka ce ba ita ta yi rantsuwa ba. Na tambayi Baba. Ta ce ya koma gida tun jiya, akwai masu jiran fito.

Daga daminar nan bai ƙara shiga ruwa ba. Ya miƙa wa ƙanen mijina gorunan ya ce tsufa ya zo. Ya rame, yana tafiya a ɗan karkace, in sanyi ya shigo tari ya hana shi sakat. Ni na ɗauka tsufan ne. Jikarsa kuwa ta zama amaryarsa, kullum suna tsokanar juna, ta ce ba ta son miji mai furfura, ya ce shi ma ya fasa, mai majina ba ta yi masa ba. Shekara shida suka yi suna wannan.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, wani mutum ya zo a kan keke. Malamin asibiti ne, Kirista, wanda ke taimaka wa lokotoro wajen aiki. Na gane shi. Ya yi wa maza gaisuwa, sannan ya ce yana son magana da uwar yarinyar da aka haifa ranar babban ruwa. Na zo na tsuguna a bayan zana.

Ya ce, "Alkawari na ɗauka, amma mai alkawarin ya tafi, kuma nauyin ya ishe ni. Ranar da aka kawo ki, haƙarƙarinsa biyu a karye suke, ni na ɗaure su. Kin zubar da jini da yawa, lokotoro ya ce sai an ƙara miki, in ba haka ba ba za ki kwana ba. An gwada na gwaggonku bai dace ba. Mutanen da suka rako ki da suka ji zancen jini suka sulale. Tsohon ya ce a gwada nashi. Ya dace. Lokotoro ya ƙi, ya ce ga tsufa ga rauni. Sai ya hau gadon da kansa ya miƙa hannu, ya ce shi ba ya sauka."

Malamin ya ci gaba. "Da aka gama ya kama hannuna ya ce, kada ta ji. In ta ji jinina na jikinta, ina za ta sa idonta a gidana? Ku bar ta ta zauna lahiya."

Na juya na dubi Gwaggo da ke bakin murhu. Ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ashe ita ma ta sani.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na ɗora yatsa biyu a wuyan hannuna, inda yake bugawa, na daɗe ina saurare. Ina jin ɗiyata a tsakar gida tana yi wa wata faɗa a kan ludayi. Sai a lokacin kukan da na kasa yi kwana bakwai ya zo.

Ya Allah, ga bawanka nan ya iso bakin ruwan da ba ya iya ƙetarewa da kansa. Ka fisshe shi.